Wanda Ya Ci Tuwon Kawu Bala

Na ga saƙonninku, masu cewa Zuhra ta samu miji ta manta da mu, da masu tambaya ko korona ce ta kwantar da ni. Ba ko ɗaya. Lafiyata ƙalau, har ƙiba na yi, Anti Ruƙayyatu ce shaidata don ita ta buɗe min ɗinkin doguwar rigata ta gefe. Labarin ne ya yi ta juyawa a hannuna, in na ce yau zan ba ku, gobe sai ya sake kama. Yanzu dai ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce Zuhra. Ina zaune a Cheras, cikin Kuala Lumpur, a gidan yayana Dakta Hambali da matarsa Anti Ruƙayyatu. Digiri na biyu na zo yi, korona ta rufe mu a ɗaka, karatun ya koma cikin kwamfuta. A kullen farko, lokacin da ƙungiyar ɗalibanmu take rabon kayan abinci, wani dogon mutum ya riƙa ajiye mana shinkafa da man girki a bakin ƙofa, ya danna ƙararrawa ya ja da baya. Na daɗe ban san komai a fuskarsa ba sai ido da gira, saboda takunkumi. Shi ne Abdulbasit, ɗan Kano, injiniya, yana ƙarasa digirinsa na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak. Kuma shi nake so, ba na jin kunyar faɗa.

Yaya Hambali ba mugu ba ne, tsari ne ya yi masa yawa. Mutum ne da ko silifas ɗin banɗaki sai ya jera su sun kalli gabas ɗaya. Da Abdulbasit ya zo masa da maganar aurena, bai ɗaga murya ba, sharaɗi biyu kawai ya gindaya. Na farko, ya samu aiki mai ba shi takardar zama, tunda bizarsa ta ɗalibi ta kusa ƙarewa. Na biyu, a yi bincike a gida kamar yadda ake yi wa kowa. In biyun nan suka yi kyau, zai kai wa Abbanmu magana a sa rana. In ɗaya ya karkace, to kowa ya kama gabansa.

Abin da Yaya bai sani ba, ni na sani. Tun farkon haɗuwarmu, ranar da aka fara barin mutane su zauna a mamak, wato gidajen shayin nan garin, bibbiyu a tebur, Abdulbasit ya sauke takunkuminsa ya gaya min cewa ya taɓa zaman gidan yari. Yana ɗan shekara sha tara, faɗa ya kaure a gidan kallon ƙwallo na unguwarsu, ya ɗauki benci ya kwaɗa wa wani saurayi, hannun ya karye. Aka kai shi kotu, aka ɗaure shi 'yan watanni. Bai ce sharri aka yi masa ba, bai ce shaiɗan ne ba, cewa ya yi zuciya ce da rashin hankali irin nasa. Ba zan yi muku ƙarya ba, shayina a nan ya huce ban sha ba, kuma na yi kwanaki ban ɗaga wayarsa ba. Daga baya na zauna na auna yaron da ban taɓa gani ba da mutumin da na gani yana hawa bene da buhun shinkafa a kafaɗa saboda matan da mazajensu suka maƙale a Najeriya. Na biyun ya rinjaya, na kira shi da kaina.

To, maganar aiki ta zo da sauƙi fiye da zatonmu. Wani kamfani mai harkar wutar sola ya kira shi intabiyu ta Zoom. Ya yi musu shigar kwat daga sama, daga ƙasa kuwa wandon barci, ni na san wannan don hoton da ya turo min har yau ina ajiye da shi saboda ranar rigima. Suka ce sun ɗauke shi, sai dai dole a yi binciken halinsa kafin a sa hannu. Tambayar da suka yi masa a rubuce ita ce ko kotu ta taɓa hukunta shi cikin shekara goma da suka wuce. Nasa ya girmi haka nesa ba kusa ba, don haka ya amsa da a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Suka ce suna da ejan a Najeriya da zai je ya tabbatar da makaranta da adireshi, ya kuma ji ta bakin maƙwabta.

Kun ga ke nan bincike biyu sun nufi lungu ɗaya a Kano kusan lokaci guda, na kamfani da na gidanmu. Abdulbasit ya kira mahaifiyarsa Hajiya Azumi, ya kira maƙwabcinsu Malam Sirajo, tsohon hedimastansa na firamare wanda duk unguwar ba a yanke magana sai da shi. Ya ce mutum biyu za su zo. Ɗan kamfani a amsa masa abin da ya tambaya kawai, kada a ƙara, tunda tsohuwar magana ba ta cikin abin da suke nema. Dangin Zuhra kuwa, Malam ya zaunar da su ya gaya musu komai, kada ya rage ko ƙwayar gero.

Na yi ta masifa a kan wannan, ba zan ɓoye muku ba. Ya ce min ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ce cibin nasa ne amma wankan har da ni za a yi. Dariya kawai ya yi, ni kuwa na koma addu'a.

Daga ɓangarenmu Kawu Bala aka tura, ƙanin Ummanmu. Tsohon ma'aikacin banki ne, ya yi ritaya amma bankin bai fita daga jikinsa ba. Kuma duk danginmu babu wanda ya kai shi tsoron korona, shi ne har sadakar da zai ba mabuƙaci sai ya fesa mata sinadari. Ranar da saƙon muryarsa ya shigo wayar Yaya muna falo, Anti tana tsince zogalen da wata 'yar Indonesiya take kawo mana, ni ina guga. Yaya ya saki muryar kowa ya ji.

"Hambali, I have done my findings. Gaskiya mutanen unguwar nan ba su da sakin fuska, ko ruwa ba wanda ya ce in sha, not that I would drink. Amma duk wanda na tambaya ya ce bai san yaron da komai ba sai alheri. Shi dattijon nasu ma ce min ya yi, yaron kirki ne, iyakar abin da zan ce ke nan. So, clean record. Ku ci gaba."

Anti ta rufe baki da hannu ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabtanmu 'yan Sin ba sa son hayaniya. Yaya ya gyaɗa kai ya ce saura aiki. Ni kuwa na kusa ƙona masa riga. Daɗi na ji, ƙwarai kuwa, amma ruwa ba ya tsami banza. Na shige ɗaki na rubuta wa Abdulbasit.

"Kawu ya ce clean."

"Clean kamar yaya?"

"Kamar sabon faranti. Malam Sirajo bai faɗa ba."

"Wannan ba halin Malam ba ne. Bari in kira gida."

Bayan la'asar ya kira ni, muryarsa tsakanin dariya da tashin hankali. Ga abin da ya faru. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo mai furfura ya yi sallama a ƙofar gidansu, babbar riga ta shadda, hula zanna, carbi a hannu. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, sannan ya ce an aiko shi ne daga Malesiya a kan maganar yaronsu Abdulbasit. Wa zai ga wannan ya ce ba kawun amarya ba ne? Nan da nan aka shimfiɗa darduma a zaure. Hajiya Azumi ta sa aka yanka zabi, aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe. Malam Sirajo ya ja shi gefe ya ce tunda abin na haɗa zuri'a ne, amana ce a wuyansa, ya kwashe labarin benci da kotu da gidan yari ya zayyana masa tas. Mutumin yana ci yana rubutu. Da zai tafi har da ledar dambun nama aka haɗa masa, wai ya kai wa uwar yarinya. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce lallai mutanen Kano akwai karamci. Ejan ɗin kamfani ne.

Kwanaki kaɗan bayan nan sai ga Kawu Bala, riga da wando an tsuke da bel, takunkumi biyu a fuska, biro a aljihu. Malam Sirajo ya miƙa masa hannu, ya noƙe ya dafe ƙirji. Bai ce shi kawuna ba ne, don a ilminsa na banki bincike na gaskiya a ɓoye ake yin sa. Turanci ma ya fara yi musu. Mutanen unguwa suka kalli juna suka ce ga ɗan kamfanin nan ya iso, kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Na yi dariya har da riƙe ciki, ina hango Kawu a tsaye a rana, wani can ya riga ya cinye masa zabi. Can sai na daina dariyar. Wato duk abin da aka tanada don gidanmu yana kan teburin kamfani. In suka fasa ɗaukarsa, sharaɗin Yaya na farko ya rushe, biza ta ƙare, Abdulbasit ya hau jirgi, ni kuma in zauna a Cheras ina tsince zogale.

A cikin wannan zaman jiran ne Anti ta ja ni Jalan Tuanku Abdul Rahman kallon yadi. Ita a wajenta aure ya ɗauru an gama. Kowane shago sai mun ɗaga waya mun yi rajistar shiga, an haska mana goshi da na'urar zafin jiki, ita ko a jikinta. Tana ta ɗora min leshi a kafaɗa, wannan ruwan zuma, wannan ruwan ƙwai, tana neman ragi da Malayancinta mai ƙamshin Kano, "Boleh kurang lah, Kak, amarya ce." Na saka baƙar abaya da mayafi ruwan toka, fuskata kuwa na gode wa takunkumi da ya rufa min asiri. Ta tambaye ni me ya sa na yi shiru, na ce kunya ce. Ta ce yau kuma ni ce da kunya, lallai duniya ta zo ƙarshe. Duk da damuwar da nake ciki na ji daɗin ranar, mun sha ruwan rake a bakin titi, mun yi tapau ɗin nasi kandar, wato aka ƙunshe mana shinkafa da miya, muka koma gida a jirgin ƙasa.

Ranar Laraba matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata a kamfanin ta kira Abdulbasit ta Zoom. 'Yar Malay ce, babba, mai tabarau. Ya ce min tun da ta buɗe baki yake jiran kalmar haƙuri. Sai ta ce ta daɗe tana wannan aiki amma ba ta taɓa karɓar rahoto irin nasa ba. Wai an rubuta cewa babu hauka babu kuturta a danginsu, ba shi da wata mata a ɓoye, ba ya wasa da sallar asuba, zai iya ciyar da iyali, kuma mahaifiyarsa mace ce mai haƙuri da ba za ta takura wa suruka ba. Ta tambaye shi ko haka ake binciken ma'aikata a Najeriya. Ya ce ya rasa inda zai sa kansa, ya daure ya yi mata bayanin abin da ya faru, ta cire tabarau tana share hawayen dariya.

Daga nan ta zo kan maganar. Ta ce ta ga batun kotu, ta kuma kai wa manaja. Abin ya wuce shekarun da suka tambaya, bai yi musu ƙarya ba, kuma tun daga lokacin ba a sake jin kansa da kowa ba. A tsarinsu ba sa hukunta mutum da abin da ya riga ya biya. Ta ce ya zo ya sa hannu.

Jama'a, sujjada na yi a kan tayil ɗin ɗakina ko darduma ban tsaya ɗauka ba. Aiki ya samu, binciken Kawu ya fito fes, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na fara tunanin leshin nan ruwan zuma da Anti ta nace a kai, na ga ashe ba laifi. Ina cikin haka saƙonsa ya shigo.

"Ranar Asabar zan zo wajen Yaya. Zan gaya masa da bakina."

Kiran sa na yi nan take. Na ce Allah Ya rufa masa asiri, shi kuma ya ce sai ya yaye? Na ce bincike dai an yi, ba mu muka hana Kawu faɗin sunansa ba, ba mu muka saka masa takunkumi biyu ba. Na yi magiya, na yi fushi, har da cewa in ya je kada ya ƙara kira na. Ya bari sai da na sauke duka.

"Zuhra, amanar da Malam ya bayar ta gidanku ce, ɗan kamfani ya yi gaba da ita. Unguwarmu kaf sun ɗauka danginki sun sani sun yarda. Ranar ɗaurin aure wani zai kama hannun Abba ya ce Allah Ya saka da alheri da kuka karɓe shi duk da abin da ya faru. A nan kike so ya ji?"

Haushinsa na ji, na kuma ji ina ƙara son sa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar da yamma ya zo. Sai da ya nuna wa mai gadi shaidar rigakafi a wayarsa kafin a bar shi ya hau. Farar shadda ya saka, da baƙar hula, ledar satay, tsiren nan garin, a hannu saboda ya san Yaya da shi. Ni atamfa ce a jikina, kore da ruwan goro, na ɗaura ɗankwali na kwance ya fi a ƙirga. Yaya ya tare shi da fara'ar da ban saba gani ba, yana ta "Congratulations, Injiniya," ya nuna masa kujera, ya ce Anti ta kawo abinci, makan dulu, wato a ci tukuna kafin magana. Abdulbasit bai hau kujerar ba. Ya zauna a kan kafet, ya tanƙwashe ƙafa, ya ce yana neman izini ya yi maganar kafin abincin, don binciken da aka kawo wa Yaya bai cika ba.

Ina bakin ƙofar kicin ina jin komai. Ya faɗa kamar yadda ya faɗa min, bai yi wa kansa kwalliya ba. Ya faɗi benci, ya faɗi hannun da ya karye, ya faɗi watannin da ya yi a ciki, sannan ya faɗi yadda aka yi musayar baƙi a unguwarsu. Ludayin Anti ya tsaya a cikin tukunya. Ta juyo ta kalle ni, na sunkuyar da kai. A wajen labarin tuwo na ji wani abu kamar tari ya kuɓuce wa Yaya, amma da na leƙa fuskarsa a ɗaure take.

Can Yaya ya kira sunana, na fito na durƙusa a gefen kujera.

"Kin sani?"

"Na sani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya zo wajenka."

Ya daɗe yana kallo na, irin kallon da yake min tun ina ƙarama in na ɓoye sakamakon jarrabawa. Sannan ya juya wajen Abdulbasit ya ce tambaya ɗaya gare shi, shi wanda aka karya wa hannun, yana ina? Abdulbasit ya ce yana nan a unguwar, tela ne, ya je ya nemi yafiyarsa tun satin da ya fito, kuma wannan shaddar da ke jikinsa ma shi ya ɗinka ta. Yaya ya kalli wuyan rigar kamar mai duba aikin zare.

Ya ɗauki wayarsa. Ya ce wannan magana ta fi ƙarfin ya yanke ta shi kaɗai, kuma ba zai kai ta a bakinsa ba, Abba zai ji ta daga bakin mai ita. Ku ba ku san Abbanmu ba. Mutum ne da ko ragon layya zai saya sai ya tambayi garin da aka haife shi da wanda ya yi kiwonsa. Na so in ce Yaya a bari sai gobe, Anti ta matse min hannu ta baya.

Wayar ta yi ta ƙara, sai ga fuskar Abba ta cika gilashin. A can hantsi ne, yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma, rediyonsa tana ta surutu a gefe. Yaya ya gaishe shi, ya tambayi Umma. Daga nan ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ya sauko daga kujerarsa, ya zauna a kan kafet kafaɗa da kafaɗa da Abdulbasit, ya ɗaga wayar yadda su biyun za su fito.

"Abba, ga surukinka nan. Yana da maganar da Kawu Bala bai kawo ba."

Hawayen da nake riƙewa tun safe suka zubo, na bar su. Abba ya matso da fuskarsa, ya ƙare wa Abdulbasit kallo, sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"To, bismillah," ya ce. "Ina jin ka."